Jar fitila a ƙarƙashin saƙar Kaka

Yaya Miloje,

Na tafi garin Užice nemo wa Baba wata allurar ciwon sukari, ta cikin akwatin sanyinka ta yi ɗumi. Batir ya mutu ba mu sani ba. Abin nan da ka haɗa mai ɗaga ƙarfin batir ba ya nuna gajiya, yana cikin aiki sai ya ɗauke. Jar fitilar gargaɗin kuwa Kaka Zorka ta lulluɓe ta da farar saƙarta, irin wadda take rufe talabijin da ita. Na yi magana, ta ce, "Kai sakarai, a gidana za a bar akwati tsirara?"

Raina ya ɓaci, amma kada ka yi mata faɗa. Sa wa akwatin ƙararrawa kafin in dawo, don har ta fara saƙa wata babba.

Vukašin