Haƙarƙari Goma Sha Bakwai

Napoli, 12 ga Janairu, 1969

Zuwa ga 'yata Nunziata,

Bayan gaisuwa, ina fatan sanyin Torino bai cinye miki kunnuwa ba. Mu nan lafiya, in ban da Gwaggonki Rafilina da har yanzu take zuba gishiri a miya kamar teku gadon ubanta ne.

Na sauko da jan katakon ceri daga rufi. Kin san wanda nake nufi, na bishiyar ƙofar gidan su mahaifiyarki, wadda na sa aka sare bayan mun binne ta. Shekara tara ke nan yana bushewa. Ranar aurenmu na yi mata alkawarin mandolin, molon nan namu, nata na kanta. Na shekara talatin da ɗaya ina yi wa mutanen gari, ita kuwa kullum sai in ce mata baɗi. Ta tafi ba ta gani ba. Yanzu zan yi.

Bishiyar ƙarama ce, ga tsutsa ta ci gefe guda. Da na tsaga na goge, silli ashirin da ɗaya kacal na samu. Ƙoƙon bayan mandolin kuwa haƙarƙari goma sha bakwai yake ci. Ke malamar makaranta ce, yi lissafin: huɗu ne rara, kuma babu wata bishiyar.

Ranar Litinin na hura gawayi a cikin bututun ƙarfe, na lanƙwasa shida. Na bakwai ya tsage. Laifin gawayin ne, na zamanin nan ba ya riƙe wuta.

Ki riƙa cin abinci. Allah ya tsare ki.

Mahaifinki,
Aniello

*

Torino, 20 ga Janairu

Baba na,

Ina gaishe ka da ladabi, tare da fatan kai da Gwaggo kuna cikin ƙoshin lafiya. Wasiƙarka ta same ni a ƙofar aji, na karanta ta a tsaye, har ɗalibaina suka tambaye ni ko wani ya mutu. Na ce musu a'a, wani abu ne za a haifa.

Ranar ban koyar da lissafi ba. Na zana musu bututun a allo, na gaya musu yadda kake jiƙa sillen, ka ɗiga ruwa a kan ƙarfe ka gani: in ɗigon ya kwanta, da saura, in ya ɓace nan take, wuta ta yi yawa, in ya yi rawa, to lokaci ya yi. Na gaya musu katako yana gardama a ƙarƙashin babban yatsa, yana gardama, sai can ya saki jiki kamar mai ajiyar zuciya, kuma a wannan ƙiftawar kaɗai ake lanƙwasa shi. Ka riga ta, ya karye. Ka makara, ya ƙone. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ashe kamar ƙanena ne." Da ka ji dariyar da aka yi.

Amma Baba, a ina ya tsage? A ciki ko a wuya? Tun da na yi wayo ban taɓa jin ka ɗora wa gawayi laifi ba. Kuma rubutunka ya yi girma, layukan suna gangarawa. Ko biron ne shi ma na zamanin nan?

Ka rubuta wa Yaya Tanino? Ko ba komai mandolin ɗin uwarsa ne.

Ka huta lafiya.

'Yarka mai ƙaunarka,
Nunziata

*

Napoli, 9 ga Fabrairu

Nunziata 'yar ƙanena,

Ina gaishe ki. Kada ki duba rubutuna, aji biyu na yi. Kuma kada ki gaya wa jakin nan ubanki na rubuto miki.

Ba ɗaya ya karya ba, uku ne yanzu. Ya ɓoye su a bayan hoton Waliyyi Yusufu, kamar waliyyin zai ɗinke masa. Tara ne suka yi kyau.

Ranar Alhamis da hantsi ina sama ina yanka albasa, sai na ji ƙauri. Na ce wane mai arziki ne ke gasa nama ba ranar Lahadi ba? Na sauko shago. Yana tsaye yana danna katako, gefen hannunsa kwance a kan bututun, hayaƙi na tashi, shi kuwa har da fito. Na ce, "Aniello, hannunka!" Ya ce, "Wane hannu?" Sannan ya duba. Ni na yi masa wanka yana jariri, amma ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haka ba.

Na ja shi wajen likita kamar akuya. Ciwon sukari ne, wai ya kashe masa jin yatsu, kuma ba zai dawo ba. Ashe ya fi shekara yana ɓoyewa. Shi ya sa kofunana suke ta fashewa, ni ina zagin kyanwa. Likita ya ce ya rabu da wuta. Ya ce wa likita, "Kai ko tsinken sakace ka taɓa lanƙwasawa?"

Na ce ya kai wa wani mai sana'ar ya ƙarasa masa. Ya ce katakon matarsa ba zai shiga hannun bare ba. Na ce to rubuta wa ɗanka a Jamus. Sai ya tashi ya bar mini taliyarsa a faranti.

Ni na gaji. Ke kika yi karatu, ki san abin yi.

Gwaggonki,
Rafilina

*

Torino, 16 ga Fabrairu

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Kada ka yi wa Gwaggo faɗa. Ni ma ina da abin da na ɓoye, kuma nawa ya fi naka daɗewa.

Ka tuna ranar da ka tafi jana'izar mai burodi, ka bar gawayi a ƙarfe, ka dawo ka tarar da haƙarƙari guda na farin katako a kan tebur, a lanƙwashe? Ka zare bel ka ce, "Wa ya taɓa mini ƙarfe?" Kaka Pasquale na zaune a kujerarsa, shi da yake cewa in mace ta taɓa ƙarfen gidan nan katako zai yi fushi har shekara bakwai. Yaya Tanino ya matso ya ce shi ne. Ka ɗaga haƙarƙarin ka duba shi a hasken taga, ka ɗora shi a kan dungun da ake jera su, ya kwanta ba ko kafar gashi. Sai ka yar da bel, ka sumbaci kan Tanino, ka ce gidan Buonocore ya sami magaji.

Ni ce, Baba. Shekarata goma sha huɗu. Ina bayan labule ina kallo. Duka Yaya ya je ya karɓar mini, sai ya karɓo gado.

Ka san abin da ya biyo baya. Shekara goma sha ɗaya kana tsaye a kansa kana cewa, "Ka yi sau ɗaya, me ya hana ka yi sau biyu? Lalaci ne!" Shi kuwa hannunsa na kiɗa ne, ba na ƙira ba. In ya ɗauki mandolin har masu shanya a sama sukan daina surutu, amma kai sai ka ce makaɗi maroƙi ne. Bai taɓa tona ni ba, ni kuma ban taɓa buɗe baki ba. Kullum ina gaya wa ɗalibaina su faɗi gaskiya ko da za a hukunta su, sai in koma ɗakina in kasa kallon madubi.

Ba don ka yafe mini nake faɗa ba. Yatsuna suna ji, Baba. Za a ba mu hutun Ista a farkon Afrilu. Ka ajiye sauran har in zo. Kai ka tsaya a bayana da idonka da kunnenka, ni in ba ka aron hannu.

Ina roƙonka, kada ka hura gawayin nan.

'Yarka,
Nunziata

*

Napoli, 24 ga Fabrairu

Nunziata,

Na ga wasiƙarki. Ki kula da allonki, in kula da ƙarfena. Tun kakan kakana mace ba ta taɓa shi ba, ba kuma a kaina za a fara ba. Hannuna ya warke.

Aniello Buonocore

*

Napoli, 21 ga Maris

'Yata,

Gwaggonki ce ke riƙe da biro, ni nake faɗa. Hannayena biyu a naɗe suke. (Na dama ya sake ƙonawa, na hagu kuma ya yanka da wuƙa bai sani ba. Ni Rafilina na ƙara wannan.)

Na huɗu ya tafi ranar Talata. Ban ji shi ba sam. Idona na kansa, ɗigon ruwa ya yi rawa yadda ya kamata, na danna, ina jiran ya saki jiki, ina jira, sai ƙara kawai na ji. Goma sha biyu na kan dungu. Biyar suka rage a tebur, biyar kuma ake bukata. Kwana uku ina zaune ina kallonsu.

Yanzu ki saurara, don ba zan maimaita ba. Abin da kika rubuto ba labari ba ne a wurina. Kafin mako ya zagayo na sani. Na ba Tanino silli, na ga yadda ya kama shi kamar mai kama kifi, na san ba hannun nan ba ne. Sannan na ga tabon ƙuna a babban yatsanki kina ɓoye shi cikin riga a wajen cin abinci. Mahaifiyarki ma ta gani. Ta ce in faɗa. Na ce bari tsoho ya mutu tukuna. Tsoho ya mutu, sai na ga ai na riga na gaya wa duk unguwa ɗana gwani ne. Na ɗauka in na matsa masa zai zama abin da na faɗa. Ni da nake koya wa mutane cewa ba a yi wa katako dole. 

Da ya tafi Jamus na ce shi ya guje ni. Ke kuma na tura ki karatu nesa, don kada in riƙa ganin yatsun nan a gidana. Mutane suka ce Aniello wayayye ne, ya ba 'yarsa ilimi.

Haƙarƙarin naki yana nan. Shi ne wanda ke rataye a ƙusa bayan ƙofar shago, wanda nake cewa ma'auni ne. Ban taɓa auna komai da shi ba.

Shekara ashirin da biyu ba ki taɓa ƙarfe ba, kuma ceri ya fi farin katako taurin kai. Mai yiwuwa ki karya. In kin karya, kin karya. Na riga ki da huɗu. Ki zo. (Ya ce in goge "ki zo" in sa "in kina da lokaci". Ban goge ba. Ki taho da rigar sanyi, shagon akwai danshi.)

Allah ya kawo ki lafiya.

Mahaifinki

*

Napoli, 9 ga Afrilu

Yaya Tanino,

Ina gaishe ka, da matarka da yara. Daga shagon Baba nake rubuto maka. Na sa wasiƙunsa a cikin ambulan ɗin nan, ka karanta su kafin tawa, musamman ta ƙarshe.

Kwana biyu na yi ina gwaji da ragowar katako kafin ya yarda in taɓa ceri. Ya tsaya a bayana, numfashinsa a wuyana, yana cewa, "Kada ki danna, jakar malama, jira shi!" Huɗu suka kwanta. Na biyar ya karye a hannuna. Na ji lokacin da ya saki jiki, na yi murna, na yi gaggawa.

Gwaggo ta fita. Na jira ya yi ihu, bai yi ba. Ya je bayan ƙofa, ya kasa zare haƙarƙarin nan daga ƙusa da naɗaɗɗun hannuwansa, sai da haƙori ya ciro shi. Ya kwanta a gurbin kamar jiya aka lanƙwasa shi.

Yanzu ƙoƙon ya rufu: ja goma sha shida, fari guda a gefe. Ba abin da ya yi wa Mama alkawari ba ke nan, shi ma ya sani. Ya shafa shi da yatsu bai ji komai ba, sai ya ɗaga shi ya kanga a kumatunsa.

Likita ya ce ciwon ya fara taɓa ƙafafu. Zan dawo hutun bazara mu sa wuya da tsirkiya. Daga nan kuma babu mai kaɗa shi. Ni ban iya ba, shi ba zai ƙara iyawa ba.

Ka yafe mini shekarun nan, in za ka iya.

Ya ce kada in roƙe ka ka zo, don ba shi da bakin roƙonka. To ban roƙe ka ba. Sai dai jiya ya sa Gwaggo ta sauko da kujerarka daga rufi, ta goge ta, ya ce a ajiye ta kusa da taga.

Ƙanwarka,
Nunziata