Gargaɗin da Ya Cinye Hotunan Inna

Dayi, Laraba bayan isha'i

Yau kwamfutata ta ƙi buɗe fom ɗin da na sauke, wai yana da haɗari. Na nuna wa maƙwabciyata Malama Rabi, ta ce, "Tunda kin san wanda ya turo, kawo." Ta shiga bayanan fayil ɗin, ta taɓa wani ɗan akwati, ya buɗe.

Bara irin wannan gargaɗin na kai wa Lawal mai gyaran kwamfuta. Ya ce, "Anti, cuta ce, sai an goge komai." Ya goge har da hotunan Inna na ƙarshe, tana ɓarar masara. Allah ya jiƙanta.

Ba zan yi masa faɗa ba. Ranar kasuwa zan dasa kujera a ƙofar shagonsa. Duk wanda ya zo da wannan matsalar, ni zan buɗe masa kyauta, Lawal yana kallo.