Jan Fentin Da Ke Kan Kuloci

Zuwa ga Shugaban kamfanin yawon shaƙatawa da nake wa aiki,
Doha.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yallaɓai, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da harkoki, ina neman aron kunnenka. Sunana Habu Ɗanlami, mutumin Jos, bakanike a garejinka na Sana'iyya, unguwar masana'antu. Ba lallai ne ka san fuskata ba, amma in an ce maka "mai naɗaɗɗen hannun nan da ke zama a bencin ƙofar ofis," to ni ne. Na yi sintiri har mai gadi ya daina tambayar sunana, kullum amsar ɗaya ce, kana taro. Tunda ƙofa ta ƙi buɗuwa, ga wasiƙa a bainar jama'a. Da Hausa na rubuta, domin da ita nake fushi. Kana da masu fassara, kuma ina so 'yan'uwana da ke garejin su karanta ba tare da an tace musu ba.

Takardar da ofishinka ya ba ni ta ce wai na taɓa kulocin babur ba da izini ba, don haka abin da ya same ni ni na jawo wa kaina, kamfani ya janye hannu daga magani, aikina kuma zai ƙare ƙarshen wannan wata. Wannan ƙarya ce, Yallaɓai, kuma raina a ɓace yake. Ga yadda aka yi.

1. Dokar jan fenti. Ka san motocin yashi da muke ba baƙi haya a tuddan kudu. A da direbobinmu kan kwance kuloci a ɓoye su sauya saiti don su yi tsere, su ƙona bel, su lalata inji. Sai manajan gareji ya kafa doka: duk kulocin da aka saita, a ɗiga jan fenti a kan notinsa. Wanda ya fasa fentin nan ba da izininsa ba, korarre ne. Ban ƙi dokar ba, don a yashi ta yi amfani. Amma doka ce da aka yanka wa ƙasar da ke shimfiɗe kamar faifai, daidai da bakin teku, inda tudu mafi tsawo yaro ke hawansa da gudu.

2. Da ka buɗe reshe a ƙasar duwatsu don kai baƙi wasan ƙanƙara lokacin sanyi, an sayo baburan da ke tafiya a kan dusar ƙanƙara. Ta garejinmu na Doha suka biyo. Manaja ya sa aka duba su, aka bar su a saitin ƙasa mara tudu da suka zo da shi, aka ɗiga musu jan fenti, aka loda. Ni aka zaɓa in bi su, wai tunda ɗan Jos ne na san sanyi. Ni ma har ƙirji na buga. Ashe sanyin Jos wasan yara ne.

3. Bari in yi maka bayanin kulocin, don na lura waɗanda suka rubuta takardar korata ba su taɓa buɗe murfinsa ba. Babur ɗin ƙanƙara ba shi da giya irin ta mota. Bel ne tsakanin faifai biyu, a cikin na gaba kuma akwai 'yan ƙarafa masu nauyi da sifirin. Idan juyin inji ya ƙaru, ƙarafan su buɗe su matse bel, gudu ya ƙaru. Canjin giyarsa ke nan. A nan Doha iska cike take, inji na shaƙa ya ƙoshi, yana iya jan ƙarafa masu nauyi. A saman dutse iska ba ta da kauri. Inji yakan yi haki kamar yadda ni ma na yi ta haki makon farko, ƙarfinsa ya ragu. In ka bar masa ƙarafan nan masu nauyi, sai su jefa shi babbar giya tun bai tara ƙarfi ba. Duk wanda ya taɓa ganin tirela ta doshi Hawan Kibo da giyar da ba ita ba ya san abin da nake nufi. Inji ya yi ta nishi, bel ya yi ta zamewa yana zafi, har ya ƙone. Maganin ba wani abu ba ne: a sa ƙarafa marasa nauyi, in ta kama a sauya sifirin, gwargwadon tsawon inda za a hau. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

4. A ƙauyen da ke gindin dutse, inda muke ajiye baburan, suna tafiya ba yabo ba fallasa. Matsala ta zo da aka ƙara sabuwar hanya zuwa wata bukka can ƙololuwa, saboda baƙi na son hoto. Akwai wani dattijo bakanike ɗan ƙasar da ke da shago kusa da rumfarmu. Ba ma jin yaren juna, amma bakanike ba ya rasa yadda zai yi magana da bakanike. Ya saurari kukan injinmu, ya nuna ƙololuwa, ya girgiza kai. Ya shiga shago ya fito da 'yan ƙarafa a tafin hannu, ya ɗora min nasa a hannu ɗaya, irin namu a ɗaya hannun, don in ji bambanci. Na ji.

Ranar na kira manaja. Na yi masa bayani kamar yadda na yi maka yanzu, na nemi izinin fasa fenti. Ya ce ai dattijon ciniki kawai yake nema. Washegari na sake kira, na ce a ƙalla a hana hawan ƙololuwa sai an gyara. Amsarsa har gobe tana kunnena: "Khalas, magana ta ƙare, Habu. Inji inji ne, ko a Doha ko a sama. Ka taɓa fentin nan, ka haɗa jakarka. Yalla." Ina da mata da 'ya'ya biyu a Jos, da uwa mai hawan jini. Ban taɓa ba.

5. Ranar da abin ya faru, direba ɗaya ba shi da lafiya, aka ce in ɗauki baƙo guda, wani dattijo mai fara'a da ya zo daga nan Doha. Sauran ayari suka yi gaba. Muna cikin hawa na ji injin ya fara nishi, sannan warin roba ya bugi hancina. Bel ya tsinke. Akwai na ajiya, amma ba a sa bel da safar hannu mai kauri, don haka na cire. Ƙarfe na kama fata kamar yana cizo, iska na yanka. Na sa, muka ɗan matsa, na ajiyar ma ya ƙone, don ciwon ba a bel yake ba. Sai hadari ya rufe dutsen, waya ba ta shiga. Safar baƙon ta jiƙe sharkaf wajen taya ni tura babur, yana rawar ɗari har magana ta gagare shi. Na ba shi tawa. Ba jarumta ba ce, baƙonka ne, kuma sa'an mahaifina. Na cusa hannuwa a hammata muka raɓe jikin babur, har masu ceto suka iso da la'asar sakaliya. Dattijon ya sauka lafiya, alhamdu lillahi. Ni kuwa likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu, daga baya suka yanke yatsu uku a hannuna na dama.

Yallaɓai, hannun dama na bakanike. Da shi na riƙe sifana tun ina yaron gareji a Jos. Yanzu cokali ma sai na yi masa dabara. Abokin ɗakina Alhassan, mutumin zangon Kumasi da ke aikin gadi, shi ke sa min maɓallin riga kafin ya fita, shi ke wanke min kaya. Ranar Juma'a ya ja ni Asian Town, inda ma'aikata ke shaƙatawa, wai in sha iska, ya saya min shayi, kofin ya suɓuce a gaban mutane. Ya ce, "Ɗan'uwa, bari kawai, Allah na nan." Na san Allah na nan, kuma ban yi jayayya da ƙaddara ba. Amma ƙaddara daban, ƙazafi daban. Matata Hajara har yau in muna magana ta bidiyo da hagu nake ɗaga mata hannu, ta kuma gane dalili.

6. Abin da ya fi yanke yatsun ciwo shi ne hujjar da aka kafa a kaina. Manaja ya gaya wa ofis cewa na yi ta kiransa ina neman buɗe kuloci, don haka ba shakka na buɗe a ɓoye na lalata saiti. Wato neman iznin da na yi shi ya zama shaidar laifina! Da na yi gaban kaina na fasa fentin, da an kore ni da yatsuna goma. Na bi doka, an kore ni da bakwai, an kuma haɗa min da sunan maha'inci. Wane irin lissafi ne wannan? Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. To manajanka ya taka dutse guda.

Ba wanda ya je ya duba babur ɗin. An ja shi an ajiye a rumfar ƙauyen, an rufe da tamfol. Daga Doha aka yanke hukunci, a ɗaki mai sanyin na'ura, kamar yadda daga Doha aka saita kulocin.

7. Ga sanyi ya sake ƙaratowa. Na ji an zaɓi mutum uku daga garejinmu za su tafi, biyu yaranmu ne na gida, ɗaya daga cikinsu bai daɗe da aure ba. Baburan suna nan da saitinsu na da, dokar tana nan, hanyar ƙololuwa tana cikin tallan da kuke yaɗawa. Na kira su na gaya musu gaskiya. Suka ce, "To Oga Habu, ya za mu yi? Kafil, mai riƙe da bizarmu, ya ce a tafi." Shi ya sa na kawo maka tambayar.

Abin da nake roƙo, kuma haƙƙina ne ba alfarma ba:

Ka janye takardar nan, a rubuta wata da ta wanke sunana, don ko gida na koma ba na so a ce Habu ha'inci ya yi aka koro shi. Kamfani ya ci gaba da ɗaukar maganina har likita ya sallame ni, a kuma biya ni abin da dokar ƙasar nan ta tanadar wa wanda ya nakasa a bakin aiki. Idona da kunnena lafiya lau suke, ina gane ciwon inji daga kukansa, in akwai gurbin duba aiki ko koyar da yara a gareji, zan iya. Kada babur ko ɗaya ya sake hawa dutsen nan sai an saita kulocinsa daidai da tsawon wurin, a hannun wanda ya san wurin. Dokar fenti kuma a bar ta a yashi inda aka haife ta.

Kafin duk wannan, abu ɗaya nake so ka fara yi, kuma ba zai ci maka komai ba. Ka aiki mutumin da ka yarda da shi, wanda ba ya ƙarƙashin manaja, tun kafin wani ya riga shi zuwa da tsinken karce fenti. Ya je rumfar, ya kira dattijon bakaniken nan ya tsaya shaida, ya yaye tamfol, ya buɗe murfin gefen hagu, ya haska noti. In ya ga ko tsaga ɗaya a fentin, na yarda da korar, ba sai an kai ni filin jirgi ba, zan kai kaina.

Ina yi maka addu'a da zuciya ɗaya duk da fushina. Allah Ya ƙara wa kasuwancinka albarka, Ya tsare ka da iyalinka, Ya kewaye ka da masu gaya maka gaskiya ko da ba daɗi. Allah Ya sa kada ka tsaya gabanSa da haƙƙin ma'aikaci a wuyanka. Ya kuma dawo da yaran nan uku da gaɓoɓinsu cif.

Ka yi haƙuri da kurakuran rubutu, ban gama sabawa da hagu ba. Na kiyaye maka amanarka, Yallaɓai. Jan fentinka yana nan yadda aka ɗiga shi, ko ƙwarzane babu. Yatsuna ne babu.

Wassalam.

Naka ma'aikaci,
Habu Ɗanlami,
Garejin Sana'iyya, Doha.