Waiwayen da Ya Kifar da Mu

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna, yaya kamun kifi a Gaya? Lafiyata lau a Yamai, kada ku damu.

Sai dai ban samu shiga cikin 'yan tseren kwale-kwale na jami'a ba. Jirginsu siriri ne, kuma matuƙi baya yake juya wa inda za shi. Ranar gwaji a kogi, wajen Gaweye, na waiwaya duban dorina kamar yadda ka koya mini. Mu huɗu muka kife, ana ta dariya.

Mai horar da mu ya ce, "Wa ya koya maka tuƙi?" Na yi shiru.

Baɗi zan sake gwadawa, in Allah ya so. Ka yafe mini shirun nan, Baba. Ya fi kifewar ci mini rai.

Ɗanka,
Illo