Adireshin Samaru da Accar Mama Sarah

Susanna Mordecai Shekari,
Mai Kula da Ɗakin Ajiyar Iri,
Kamfanin Irin Shuka na Yabanya,
Reshen Samaru, Zariya.

Litinin, 19 ga Mayu, 2008.

Zuwa ga:
Misis Adunni Adebayo,
Babbar Manaja,
Kamfanin Irin Shuka na Yabanya,
Hedkwata, Sabon Gari, Zariya.

Ranki ya daɗe,

GAME DA: RUFE ADIRESHIN INTANET NA RESHEN SAMARU, DA SHIRIN GOGE ABIN DA KE CIKINSA RANAR 2 GA YUNI, 2008

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Ubangiji ya ƙara miki lafiya, ina neman izini in gabatar da ƙorafina a gabanki. Na rubuta da Hausa domin da ita muke gaisawa da ke tun ranar da na fara aiki, kuma Turancina ba zai ɗauki abin da ke raina ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da makullin ɗakin ajiyar iri na Samaru, ban taɓa rubuta ƙorafi ba. Ni ce matar marigayi Mordecai Shekari, jami'in tattara iri na wannan kamfani, wanda ya rasu ranar Juma'a, 16 ga Nuwamba, 2007. Kin halarci jana'izarsa, har yau ban manta ba.

1. Yadda adireshi ya zama uku

Kamar yadda kika sani, a shekarar 2004 kamfani ya buɗe wa ma'aikata zauren aiki a intanet, wanda muke kira fotal, domin rassa su riƙa ajiye rahotanni a wuri ɗaya kowa ya gani. A lokacin adireshi ɗaya ne. Amma layinmu na intanet a Samaru ba shi da ƙarfi. Mutum zai buga adireshin, ya je ya sayo ƙosai a bakin titi ya dawo, shafin bai gama buɗewa ba. Saboda haka a watan Agusta na 2005 sashen kwamfuta ya yi mana adireshi na biyu mara nauyi. A 2007, da aka canja tambarin kamfani, aka ƙara na uku, wanda ake kira sabon adireshi.

An sha gaya mana a taro cewa ƙofa uku ce, ɗaki ɗaya, kowa ya shiga ta wadda ta fi masa sauƙi. Mun yarda, domin ba fanninmu ba ne. Sai a bana na samu labarin cewa ƙofar Samaru ɗakinta daban, kuma duk abin da muka ajiye ta nan yana kan wata tsohuwar kwamfuta ita kaɗai, bai taɓa isa sauran biyun ba. Wanda ya haɗa wannan tsari ya bar aiki tun 2006, bai bar takarda a kai ba.

2. Abin da mijina ya ajiye a can

Shekara tara Mordecai yana yawo a kan babur a ƙauyukan Kudancin Kaduna, yana karɓo irin gargajiya daga hannun tsofaffi: dawa, maiwa, wake, riɗi, da acca. A yau akwai kwalabe ɗari biyu da goma sha huɗu a ɗakin da nake kula da shi. Bisa dokar kamfani, lamba kaɗai ake liƙa wa kwalba, ba a rubuta suna ko gari, wai domin kada baƙi su san inda muka samo. Sunan irin, sunan ƙauyen, da sunan wadda ta bayar, duk suna cikin littattafansa na hannu.

A daminar 2005 gara ta shiga kabad ɗin ofis ta ci littattafai biyu daga cikin bakwai, ta lalata gefen sauran. Aka ba shi umarni a rubuce ya kwashe komai ya zuba a fotal, inda aka ce gara ba ta kaiwa. Ya yi wata biyar yana bugawa da yatsa biyu, yana cike inda gara ta ci da abin da ya tuna. Da ya gama, aka tattara ragowar littattafan aka ƙone tare da tsofaffin takardun ofis. Ni na riƙe masa kwandon da aka kwashe su a ciki.

Ina roƙon ki lura da abu ɗaya, ranki ya daɗe. A waɗancan ƙauyuka ba a sayar da irin gida. Aro ake bayarwa, kuma mai aro yana ɗaukar alkawarin mayarwa duk ranar da mai shi ta buƙata. Da wannan sharaɗi mijina ya karɓi kowace kwalba, da sunan kamfani, wani lokaci a gaban fasto ko mai unguwa. Shi ya sa bai taɓa tsallake sunan wadda ta bayar ba, ko da iri ne cikin tafin hannu ɗaya.

3. Sanarwar da ba ta iso mu ba

Ranar Litinin, 14 ga Janairu, 2008, sashen kwamfuta ya fitar da sanarwa cewa za a rufe tsofaffin adireshi biyu, duk mai abin da yake so ya kwashe kafin ƙarshen Fabrairu. An manna wannan sanarwa a sabon adireshi, kuma a nan kaɗai. Mu bakwai ne a reshen Samaru, babu ko mutum ɗaya a cikinmu da ya taɓa buɗe sabon adireshin, domin ba ya buɗuwa a layinmu. Adireshin da muka sani shi ne wanda Mordecai ya rubuta da biro a 'yar takarda ya liƙa a gefen kwamfutar ofis.

Ba a turo mana takarda ba, ba a bugo waya ba. Motar kamfani tana zuwa Samaru daga Sabon Gari sau biyu a mako, direba yakan kawo mana har katin bikin ma'aikata, amma wannan sanarwa ba ta samu wurin zama a motar ba. Ni kuwa a lokacin ban daɗe da dawowa daga zaman makoki ba.

Ranar Litinin, 3 ga Maris, na buga adireshin kamar kullum, sai farin shafi ya fito da rubutun cewa ba a samu wurin ba. Na ɗauka layi ne. Na tafi shagunan intanet biyu a Samaru na gwada, amsar ɗaya ce.

4. Zirga-zirgata zuwa sashen kwamfuta

Na hau bas zuwa Sabon Gari sau huɗu domin ganin jami'in kwamfuta, Mista Amaechi: ranar 5 da 18 ga Maris, ranar 8 ga Afrilu, da ranar 6 ga Mayu. A zuwa na farko ya tabbatar mini komai yana sabon adireshi, in koma in duba da kyau. A na biyu muka duba tare a kan kwamfutarsa, babu ko layi ɗaya na aikin mijina. A na uku ne ya gano cewa adireshin Samaru ɗakinsa daban. Na ga yadda fuskarsa ta canja.

A zuwa na huɗu ya bayyana mini cewa tsohuwar kwamfutar tana nan a sito, an cire ta daga wuta, kuma mai yiwuwa bayanan suna cikinta lafiya. Sai dai ƙa'idar sashen ta ce bayan kwana casa'in da rufe adireshi ake goge na'ura a ba wani ofishi. An riga an sa sunanta a jerin waɗanda za a goge ranar Litinin, 2 ga Yuni, a miƙa wa ofishin sufuri. Ya ce ba shi da ikon kunna ta ko cire ta daga jerin sai da umarninki a rubuce.

Ba na neman a hukunta Mista Amaechi. Yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin mijina zuwa kabari, kuma tsarin da ya gada ba shi ya haɗa shi ba. Amma na rubuto ofishinki gajeriyar takarda ranar 7 ga Mayu ta hannun sakatare, har yau ban ji amsa ba, kuma kwana goma sha huɗu suka rage.

5. Zuwan Mama Sarah

Ranar Litinin, 21 ga Afrilu, wata tsohuwa mai suna Mama Sarah ta iso ofishinmu daga wani ƙauye kusa da Zonkwa. Ta canja mota uku kafin ta kai Samaru. Ba ta san Mordecai ya rasu ba, ni na gaya mata a bakin ƙofa. Ta zauna a kan benci ta yi kuka, ni da ya kamata a lallashe ni na koma ina lallashinta.

Bayan ta sha ruwa ta faɗi abin da ya kawo ta. A watan Fabrairu gobara ta cinye rumbunta, har da irin accar da ta gada daga mahaifiyarta, wadda take nuna da wuri kafin abinci ya yanke a gida. Maƙwabtanta duk sun koma shuka masara, babu wanda ya rage da irin. Sai ta tuna cewa a 2001 ta ba wani mai babur daga Samaru rabin mudu, ya yi mata alkawari a ƙofar coci cewa duk ranar da ta zo zai mayar mata.

Na buɗe mata ɗakin ajiya. Kwalaben acca talatin da ɗaya ne, kowace da lambarta, babu suna. Na jera mata su a kan tebur. Tana zubawa a tafin hannu, tana murzawa, tana shinshinawa, tana kaiwa kusa da taga saboda idonta ya yi rauni. Mun yi fiye da awa biyu a haka. Ta ware huɗu, ta ce tata tana cikinsu, amma ba za ta yi rantsuwa a kan ɗaya ba. Na ce ta ɗibi kowace ta gwada, ta ƙi. Ta ce 'yar gonarta ba za ta ɗauki gwaji huɗu ba, ƙarfinta ma haka, kuma ba za ta kwashi irin wata mata ta kai gidanta ba tare da izinin mai shi ba.

Ranki ya daɗe, na tsaya a gaban wannan tsohuwa da makulli a hannuna, irinta yana kan teburina, na kasa cika alkawarin mijina. Tun ranar da aka binne shi ban ji kunya da baƙin ciki irin na wannan rana ba. Mutum ne da bai bar mini gida ko fili ba. Abin da ya bari shi ne ana yarda da maganarsa daga Kachiya har Kafanchan.

Na yi ƙoƙari da kaina. Na zauna da takarda na tuno kwalabe arba'in da uku, waɗanda na ji yana ba da labarinsu a gida. Sauran ɗari da saba'in da ɗaya ban san na wa ba ne, kuma ta Mama Sarah ba ta cikin waɗanda na tuna.

6. Abin da ya shafe ni ni kaɗai

Wannan ba hurumin kamfani ba ne, amma zan faɗa domin kada a ce na ɓoye. A fotal, kowace kwalba da shafinta, kuma a ƙarshen kowane shafi akwai gurbin ƙarin bayani. Mordecai yakan rubuta abubuwa a nan, kamar cewa wannan dawa tsuntsu ba ya son ta, ko Susanna ta ce wannan ta fi daɗin tuwo. Bayan rasuwarsa nakan buɗe shafi ɗaya kowace safiya in karanta kafin in fara aiki. Na kai lamba talatin da shida aka rufe adireshin. Har yanzu hannuna yakan buga shi da safe kafin in tuna.

Abin da nake roƙo

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, ina roƙon ki:

(a) Ki ba sashen kwamfuta umarni a rubuce, kafin ranar 2 ga Yuni, a cire wannan na'ura daga jerin waɗanda za a goge.

(b) A kunna ta a gaban shaida daga reshen Samaru, a kwashe bayanan kwalabe ɗari biyu da goma sha huɗu zuwa sabon adireshi, a kuma buga su a takarda kwafi biyu, ɗaya a hedkwata, ɗaya a ɗakin ajiya. Gara zan iya yaƙi da ita, na san maganinta.

(c) A ba ni izini in rubuta sunan mai iri a jikin kowace kwalba.

(d) Daga yau, duk lokacin da za a rufe wani adireshi, a liƙa sanarwar a ƙofar da za a rufe, a kuma aika wa kowane reshe takarda a hannu.

Na haɗa da hoton 'yar takardar da ke liƙe a kwamfutarmu, domin a tabbatar da adireshin da nake magana a kai. Ki gafarce ni, ainihin takardar ba zan iya ɓamɓare ta ba, rubutun hannunsa ne.

Ruwa ya sauka a Kudancin Kaduna, an fara shukar acca. Mama Sarah ta ce za ta dawo Litinin ta farko a watan Yuni, kuma a lokacin ban san cewa ita ce ranar da za a goge na'urar ba. Idan duk sauran roƙona sun yi nauyi, ina roƙon a kunna ta ko na minti goma ne, a duba mini wace lamba ce ta Mama Sarah daga cikin waɗannan huɗu: 58, 61, 112, 140. Kwalaben suna nan a kan teburina, ban mayar da su kan kanta ba.

Ina jiran umarninki cikin girmamawa. Ubangiji ya ja zamaninki, ya ba ki hikimar jagorancin wannan kamfani.

Taki mai biyayya,

(sa hannu)
Susanna Mordecai Shekari,
Mai Kula da Ɗakin Ajiyar Iri,
Reshen Samaru.

Kwafi zuwa: Mista Amaechi, Sashen Kwamfuta, Hedkwata, Sabon Gari.