Na Datse Furen Wardin Mama

Baba,

Na wuce aiki, ban so in tashe ka ba. In ka ga furen wardin Mama ya koma sanduna, ka yi haƙuri, ni ce na datse shi. Zafi ya ƙone ganyen, ƙwari kuma sun kama shi. Da almakashinta na yi, wanda ta ɗaura wa jan ƙyalle. Sai na tuna faɗan da take mana in mun jiƙa ganyen: "A gindi ake zubawa, ba wanka ya ce yana so ba."

Don Allah ka ba shi ruwa bayan la'asar, zai tofo. Fure ɗaya ne ya tsira, na ajiye maka shi a kofin shayinta.

'Yarka