Faifan Baba da Kawu Ya Gyara

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya yi maka buɗi a inda kake. Mu nan lafiya lau. Umma ta ji sauƙin ƙafarta har ta koma yi mana faɗa, ka kuwa san wannan ce shaidar ta warke.

Yaya, ka nemi wuri ka zauna, maganar faifan garmahon marigayi Baba ce. Ka tuna tun daga kamfani ramin tsakiyarsa a karkace yake, shi ya sa in yana juyawa muryar mawaƙin take lilo kamar an goya shi a keke. To, mutumin da ka haɗa mu da shi ya zo. Sai da ya sa farar safar hannu kafin ya taɓa faifan da muka yi shekaru muna ɗora kofin shayi a kan kwalinsa. Ya ce kaɗan aka buga da wannan kuskuren kafin kamfani ya farga, kuma kuskuren ne yake so ya saya. Tayin da ya yi zai ishe mu sauya rufin ɗakin Umma, wanda in an yi ruwa sai mun jera robobi har kan gadonta. Ya ce ranar Asabar zai dawo.

Kafin Asabar ɗin Umma ta ba Kawu kafinta labari. Ka san Kawu, ko hoton bango ya gani a karkace a gidan mutane, sai ya gyara shi kafin ya amsa gaisuwa. Ya ce abin kunya ne a sayar wa baƙo kaya mai aibi alhali akwai kafinta a dangi. Ina kasuwa ya kai faifan shagonsa, ya faɗaɗa ramin, ya manna masa ɗan zoben roba a tsakiya cif. Ya dawo yana washe baki, wai yanzu sai mu ƙara kuɗi.

Da mai safar hannu ya dawo ya duba faifan, sai ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, sannan ya nemi ruwan sha. Ya tambayi wanda ya yi wannan aiki. Kawu ya buga ƙirji, har da yi masa kwatancen shago ko zai aiko da sauran faya-fayansa. Bawan Allah ya fita ko sallama babu, ya bar mana safa ɗaya a kan kujera.

Wallahi, Yaya, na ji takaici har na yi hawaye. Shi kuwa Kawu da ya fahimci ɓarnar, ya daina zuwa na ɗan lokaci, sai ga shi wata safiya da tsani da kwanon rufi, ya ce kada wanda ya yi masa maganar biya. Yanzu ɗakin ko ɗigo ba ya yi.

Da ya gama aikin rufin muka kunna faifan, waƙa ta fito sumul. Umma ta ce a kashe, wannan ba mawaƙin da ta sani ba ne, ita da Baba sun haddace waƙar ne tare da lilonta. Ta ɓamɓare zoben da farce, ta ɗan karkatar da faifan gefe a kan garmahon, murya ta koma lilonta, tana bi tana share ido. Sai a lokacin ta ce dama can ba ta so a sayar, nauyinka ta ji saboda wahalar da ka sha wajen nemo mai saye.

Ka gaishe min da Anti, da Ƙaramin Likita, da 'Yar Baba. Umma tana sa muku albarka, Kawu kuma ya ce in akwai abin gyara a gidanka ka aiko. Ni dai har yanzu ina tunanin yadda aka yi duk faɗin dangi, Kawu kaɗai Umma ta zaɓa ta gaya wa ramin a karkace yake.

Ƙanwarka mai kewarka.